Yaya Ake Cewa "Na Gane" Da Turanci?

Yau za mu tsaya ne a kan wata 'yar magana wadda ba a wuni ba a faɗe ta ba, ko a aji, ko a gida, ko a kasuwa, wato "na gane". Ga ta dai 'yar ƙarama, amma in an zo mayar da ita Turanci sai ka ga ta kayar da babban ɗalibi, har wanda ya haddace jadawalin fi'ilai kaf. Wani ya ce "I understood", wani ya ce "I have understood", wani kuma ya ce "I am understanding". Dukkan ukun Turanci ne, babu musu, amma galibi ba ɗaya daga cikinsu da Baturen Ingila ko na Amurka zai faɗa in an gama yi masa bayani ya gamsu. Abin da zai ce shi ne "I understand". To, me ya kawo wannan saɓani, kuma yaushe ne kowace siga take da muhallinta? Ku biyo ni sannu a hankali.

Inda matsalar ta samo asali

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mu dubi kukan namu gidan tukuna. In ka ce "na tafi", ko "na ci", ko "na rubuta", kowa ya san aikin ya wuce. Wannan shi ne abin da masu nahawun Hausa suke kira shuɗaɗɗen lokaci. To amma ga wasu maganganu masu wannan siga sak: na sani, na yarda, na gaji, na ƙoshi, na tuna, na gode, na gane. Wanda ya ce "na gaji" ai yanzu yake a gajiye. Wanda ya ce "na gode" yanzu yake godiyar. Siga ta abin da ya wuce ce, ma'ana kuwa ta yanzu ce.

Haka abin yake a Larabci. In Malam ya gama darasi ya ce "Hal fahimtum?" sai aji ya amsa "Fahimna". Wannan kuwa fi'ili madi ne, wanda malamanmu na zaure suke kira mali, ɗaya daga cikin kashi uku da mai Ajurrumiyya ya kasa fi'ili, wato madi da mudari'i da amri. A kasuwa ma, mai kaya "na sallama" yake cewa, mai saye ya ce "na saya", alhali ko kuɗin bai ƙirga ba. A babin ciniki na littattafan fiƙihu haka za ku tarar: "bi'tu", "ishtaraitu", "ƙabiltu", duk madi ne. Shi kuwa mai Turanci a irin wannan wuri da sigar yanzu yake magana: "I agree", "I accept", "I promise".

Ashe ke nan ɗan Islamiyya shaidu biyu ne suke jan sa zuwa ga "I understood", Hausar da ya tashi da ita da Larabcin da yake koyo. Ba rashin ƙoƙari ne ya jawo ba. Dalilin kawai shi ne, Bahaushe da Balarabe suna duban lokacin da fahimta ta shiga zuciya, ta riga ta shiga, magana ta ƙare, don haka sai su kawo madi. Bature kuwa halin da zuciyar take ciki a yanzu yake dubawa, don haka sai ya kawo sigar yanzu. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya riƙe rabin darasinmu na yau.

Kada kuma ku yi mamakin a ce siga daban, lokaci daban. Ai kun sani a nahawu cewa "afhamu" mudari'i ne, amma da zarar "lam" ta shiga masa aka ce "lam afham", sai ma'anarsa ta koma ta abin da ya wuce. Kowane harshe da irin tasa al'adar.

Na farko: "I understand"

Wannan ita ce uwa ma ba da mama. Duk inda za ka ce "na gane" ko "na fahimta" kana nufin yanzu abin yana zaune a zuciyarka, to "I understand" ne. In da ka kasa ganewa, sai aka sake bayani ya shige ka, sai ka ce "Now I understand", wato yanzu kam na gane. Ta dace da kowa, babba da yaro, Malam da likita da shugaban wurin aiki. Har wa yau ana amfani da ita wajen nuna tausayi. In wani ya ba ka uzurin abin da ya hana shi zuwa, sai ka ce "I understand", wato ba komai, na san halin da kake ciki.

Na biyu: "I understood"

Wannan sigar da ce, kuma tana neman lokacin da za ta jingina da shi, ko an ambace shi, ko an san shi. Alal misali, da yamma Baba ya tambaye ka darasin da aka yi da safe, ya ce "Did you understand the lesson?" A nan daidai ne ka ce "Yes, I understood it", domin maganar safe ake yi. Amma in Malam ya rufe baki yanzun nan, alli yana hannunsa, ka ce masa "I understood", to mai jin Turanci sosai zai tsaya yana jiran sauran magana. Zai ji kamar ka ce da dai na gane, bai sani ba ko yanzu abin ya kuɓuce maka.

Akwai kuma wata ma'ana da take da ita wadda ɗalibai da yawa ba su lura da ita ba. In mutum ya ce "I understood that the test was on Monday", abin da yake nufi shi ne, ai ni na ɗauka ran Litinin ne jarrabawar, haka aka ba ni labari. Galibi ana faɗin haka ne bayan an ga alamar cewa abin ba haka yake ba. Kun ga ashe sigar da kake so ka tabbatar da fahimtarka da ita, wani lokaci shakka take nunawa.

Wani zai ce, to ai muna jin sojoji da ma'aikata in an ba su umarni suna cewa "Understood" kurum. Gaskiya ne, amma wannan ba madi ba ne. Ismul maf'uli ne, kamar yadda Balarabe yake cewa "mafhum", wato abin an fahimce shi. Asalin maganar "It is understood" ce aka taƙaita. Saboda haka ko dai ka faɗe ta ita kaɗai, ko ka ce "I understand". Da zarar ka sa mata "I" a gaba, ka mayar da ita labarin jiya.

Na uku: "I have understood"

Wannan ba kuskure ba ce a nahawu, tana kama da "ƙad fahimtu" na Larabci. Sai dai masu harshen ba su cika sakin ta ita kaɗai a hira ba, tana da nauyi a kunne, wani lokaci ma sai ta yi kama da "to ya isa haka, ai na ji". Wuraren da ta fi zama daram guda uku ne. Na ɗaya, in da ita aka yi tambayar: "Have you understood?" sai ka ce "Yes, I have." Na biyu, in kana neman tabbaci: "Have I understood you correctly?", wato shin daidai na fahimce ka? Na uku, in maganar ta faro tun da har zuwa yau, irin wurin da Bahaushe yake sa "taɓa" ko "daɗe". "Ban taɓa gane wannan lissafi ba" shi ne "I have never understood this sum."

Na huɗu: "I am understanding"

Wannan ita ce ta fi yawa a bakin jama'a, ita ce kuma ta fi saurin tona asirin mai koyo. Tushenta "ina ganewa" ne da "ina fahimta". Ɗalibi ya koyi cewa "ina karatu" shi ne "I am reading", "ina rubutu" shi ne "I am writing", sai ya ɗauka duk inda Hausa ta ce "ina", Turanci "I am" zai ce, ya ɗaura wa fi'ili jelar "ing". Har "ina da littafi" sai ka ji an ce "I am having a book", alhali daidai shi ne "I have a book".

Ƙa'idar ita ce, fi'ilan Turanci iri biyu ne. Akwai fi'ilan aiki, waɗanda mutum yake farawa da niyya, ya ci gaba, ya daina in ya so, kamar gudu da rubutu da cin abinci. Su ne suke karɓar jelar "ing". Akwai kuma fi'ilan hali, waɗanda yawancinsu a zuciya suke. Masu nahawun Larabci suna da wani babi mai suna af'alul ƙulubi, bari mu ari sunan mu kira waɗannan fi'ilan zuci. Daga cikinsu akwai "know", "understand", "believe", "want", "like", "need" da "mean". Waɗannan a al'ada ba su karɓar jelar. Ga wani gwaji mai sauƙi: in aka leƙo ɗakinka aka ce "Me kake yi?" za ka iya cewa "ina karatu", amma ba za ka ce "ina sani" ba. Fi'ilin da ba ya amsa wannan tambaya, yi hattara kafin ka sa masa "ing".

Kowace ƙa'ida da togaciyarta. In fahimtar tana ƙaruwa ne kaɗan-kaɗan, kamar ruwa yana taruwa a randa, ana iya cewa "I am understanding more every day". Amma wadda ta fi daɗin ji ita ce "I am beginning to understand", wato na fara ganewa. In kuwa so kake ka nuna wa mai bayani cewa kana tare da shi, ya ci gaba, to ɗauko fi'ilin aiki: "I am following" ko "I am listening". Bi da saurare aiki ne, suna karɓar jelar lafiya lau.

Na biyar: "I see"

A nan Hausa da Turanci sun yi canjaras. "Gane" ɗan'uwan "gani" ne, haka shi ma Bature da fi'ilin gani yake nuna fahimta. In aka gaya maka wani abu da ba ka sani ba, ya warware maka wani ƙulli, sai ka ce "Oh, I see", kamar dai Bahaushe ya ce "Au, ashe haka ne." Ita ma a sigar yanzu take zama. "I saw" gani da ido ne da ya wuce. "I am seeing" kuwa ma'anarta daban ce, domin "I am seeing the doctor tomorrow" yana nufin gobe ina da alƙawarin ganin likita. Ku kuma kula da murya, don "I see" kamar "to" ɗinmu take. Akwai "to" ta yarda, akwai "to" ta an ɓata wa mutum rai ya haɗiye. In aka faɗi "I see" a sanyaye, fuska a murtuke, ba alamar jin daɗi ba ce.

Na shida: "Got it" da 'yan'uwanta

Masu kallon finafinai da masu hira a waya sun saba jin "I get it", "I got it", "I've got it" da "Got it". Dukkansu "na gane" suke nufi. A nan ne Turanci ya yi irin tamu, domin "got" sigar da ce amma ma'anar ta yanzu ce. Mutanen Ingila sun fi cewa "I've got it", na Amurka kuwa sukan sauke "have" ɗin su ce "I got it". Korewarsu a hira ita ce "I don't get it".

Amma fa a lura, wannan maganar tsara ce, kamar samari su ce "na ɗago zancen". Ba wanda zai ce wa mahaifinsa haka. Saboda haka tsakaninka da abokinka ba laifi, amma gaban Malam, ko wurin ganawar neman aiki, ko a takardar jarrabawa, koma wa "I understand". Haka kuma "I get it" in an faɗe ta da ƙosawa, ma'anarta na ji, a ƙyale ni haka.

In ba ka gane ba fa?

Wannan ɓangare ya fi duk na baya muhimmanci, domin a nan ne kuskure yake iya jawo asara. "Ban gane ba" ita ma shuɗaɗɗiyar siga ce, shi ya sa ɗalibi yake cewa "I didn't understand". In rashin ganewar yana nan tare da kai har yanzu, to "I don't understand" ne. Amma in maganar ce ta wuce kunnenka bai kama ba, saboda hayaniya ko saurin bakin mai magana, a nan sigar da ce daidai: "I didn't hear you", ko "Sorry, I didn't catch that." Dalili kuwa, sauti ya riga ya wuce, shi ya sa aka ba shi madi. Duhun da ke cikin kai kuwa yana nan bai gushe ba, shi ya sa aka ba shi sigar yanzu.

Amfanin bambancin a fili yake. In ka ce "I didn't hear you", mai magana zai maimaita kalmomin nan dai da ya faɗa, ya ɗaga murya. In ka ce "I don't understand", zai sauya bayani ya nemo kalmomi masu sauƙi. Ku ɗauka an kai Inna asibiti, likitan ba ya jin Hausa, kai ne tafinta. Ya faɗi yadda za a sha magani da wata kalma da ba ka sani ba. In ka ce ba ka ji ba, zai sake faɗin kalmar nan da ƙarfi, kai kuma kunya ta hana ka tambaya karo na uku, ku tafi gida da magani ba ku san ƙa'idarsa ba. Abin da ya kamata ka ce shi ne "I don't understand that word, doctor. Please explain it." Matambayi ba ya ɓata.

Rikicin kalmar "ji"

A Hausa "ji" tana ɗaukar kaya da yawa. Muna jin magana, muna jin ƙanshi, muna jin yunwa, muna jin Larabci. Turanci kowanne da kalmarsa. "Ba na jin Turanci" ba a mayar da ita "I don't hear English", domin wannan sai a zaci kunne ne ya sami matsala. Abin da ake cewa shi ne "I don't understand English" ko "I don't speak English".

A waya in aka ce "Kana ji na?" amsar ita ce "I can hear you" in muryar ce take fita sosai, ko "I am listening" in nufinka ka ba da hankalinka. Ba a cewa "I am hearing you".

Sai kuma "na ji" da yaro mai ladabi yake cewa in an yi masa faɗa. A wurinmu wannan biyayya ce. Amma in ka juya ta kai tsaye ka ce "I heard you", a kunnen mai Turanci tana iya zama tsiwa, kamar ka ce ai na ji tun ɗazu, a daina maimaita mini. Ka ga yaro ya yi niyyar ladabi ya ɓuge da rashin kunya bai sani ba. Abin da ya dace shi ne "Yes, sir, I understand." Ita kuma "I hear you" ta sigar yanzu ma'anarta na ji kukanka, na san abin da ke damunka, amma ba lallai ne mai faɗin ta ya yarda da kai ba.

Bayan an gyara maka fahimta

Akwai wurin da sigar da ita ce daidai ko da yake yanzu ake maganar. In aka gaya maka sabon abu, sai ka ce "I didn't know that", domin rashin sanin ya wuce tun da ga shi an sanar da kai. In ka ce "I don't know that" sai ya zama kamar har yanzu ba ka karɓi maganar ba. Haka nan "I misunderstood you", wato na yi maka gurguwar fahimta, da "I thought you said Tuesday", wato na zaci Talata ka ce. Ma'aunin dai guda ne ko'ina: tambayi kanka, halin nan yana nan ko ya gushe? In yana nan, sigar yanzu. In ya gushe, sigar da.

A kan wannan ma'auni "na sani" shi ne "I know". Amma kada ka riƙa jefa ta ana tsakiyar yi maka bayani, don tana katse mai magana. "I knew it" kuwa ita ce "ai dama na faɗa", ana faɗin ta in abin da mutum yake zato ya tabbata.

Tambaya da amsa

Ga wata dabara mai sauƙi. Saurari kalmar farko ta tambayar, ka mayar da ita a amsa. "Do you understand?" amsarta "Yes, I do" ko "No, I don't". "Did you understand?" amsarta "Yes, I did". "Have you understood?" amsarta "Yes, I have". "Are you following?" amsarta "Yes, I am". Mai tambaya ya riga ya zaɓa maka siga, kai dai ka bi sawunsa.

A yi hattara da tambayar da take ɗauke da korewa. In aka ce wa Bahaushe "Ba ka gane ba?" sai ya ce "E", yana nufin e, ban gane ba. A Turanci in aka ce "Don't you understand?" ka ce "Yes", to ka ce ka gane ke nan, mai bayani ya wuce gaba ya bar ka a baya. In ba ka gane ba, amsar ita ce "No, I don't."

In kuma kai ne mai bayanin, kuma babba kake yi wa, to "Do you understand?" tana da kaifi, tana kama da tsawa, kamar dai yaro ya riƙa ce wa Baffansa "Ka gane?" Sai ka ɗora nauyin a kanka ka ce "Am I making sense?" ko "Does that make sense?", wato shin bayanina yana fita kuwa?

To ai haka kowa yake faɗa a nan

Wani ɗalibi zai ce, Malam, ai har manyan ma'aikata muna jin suna cewa "I am hearing you", kuma ana gane su. Gaskiya ne. Turancin Nijeriya yana da nasa kamannu, duniya ma ta san da shi. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, cikinsu har da Kannywood da okada. Amma wannan maganar kalmomi ce. Masu duba takardun Turanci na WAEC da NECO nahawun da ke cikin littattafai suke bi, kuma kowa ya san ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. Ban da haka, wata rana za ka yi magana da wanda bai saba da Turancinmu ba. Wanda ya san hanya biyu ya fi wanda ya san ɗaya.

Taƙaitawa

1. Na gane, yanzu: "I understand", ko "I see".
2. Ban gane ba, har yanzu: "I don't understand".
3. Ban ji abin da ka ce ba: "I didn't hear you", ko "I didn't catch that".
4. Na gane a lokacin da aka yi bayanin, jiya ko ɗazu: "I understood".
5. Ban taɓa ganewa ba: "I have never understood".
6. Ina biye da kai, ci gaba: "I am following".
7. Na fara ganewa: "I am beginning to understand".
8. Tsakanin abokai kawai: "Got it".

Jarraba kanka

Mayar da waɗannan zuwa Turanci a littafinka, ka kai wa malamin Turancinku ya duba:

1. Malam, yanzu kam na gane.
2. Jiya ban gane darasin lissafi ba.
3. Kakata ba ta jin Turanci.
4. Gafarta Malam, ban ji lambar shafin ba.
5. Na zaci gobe ka ce.
6. Ina da ƙanne uku.

Iyaye ma kuna da rawar takawa, ko da ba ku yi boko ba. In yaro ya dawo daga makaranta ya ce ya gane darasi, ku ce ya faɗa muku abin da ya gane da Hausa. Ai haka ake yi a makarantar allo, Malam ya biya, almajiri ya maimaita a gabansa kafin ya tashi. A Turanci ma akwai hanyar yin haka cikin ladabi. Bayan an gama yi maka bayani mai muhimmanci, na magani ne, ko na kwatancen hanya, ko na ranar jarrabawa, sai ka ce "So you mean", ko "If I understand you correctly", sannan ka maimaita abin da bakinka. In daidai ne a ce maka haka ne, in da gyara a gyara maka tun kafin ku rabu. Ku lura a nan ma sigar yanzu aka yi amfani da ita.

Kada kuma tsoron kuskure ya sa wani ya kulle bakinsa a aji. Da ka ce "I understand" a kan abin da ba ka gane ba, gara ka ɗaga hannu ka ce ba ka gane ba, ko da Turancin ya karkace, daga baya a gyara shi. Allah Ya ƙara mana fahimta, Ya ba ku sa'ar karatu.